Gatarin Aradu da Tafiyar da Aka Fasa

A yau idan jikokina suka zagaye waya ɗaya, nakan ji ƙarar ƙarfe yana dukan ƙarfe, in leƙa in ga mota ta miƙe ta zama mutum, jirgi ya naɗe fikafikansa ya fito da hannuwa, suna jifan juna da wuta mai launi. Yaran ko gira ba sa ɗagawa. Da yatsa ɗaya suke canja wa jarumin makami, su ce wancan ya tsufa. A zamanin da zan ba ku labarinsa, talabijin ɗaya ce a duk ƙauyenmu na kusa da Suki a ƙasar Sudan, a kulob ɗin manoma, tana aiki da batirin lori, kuma idan batirin ya yi sanyi sai hoton ya tsuke ya koma kamar tafin hannu. Abin wasan yaro kuwa shi yake ƙera abinsa da kara da gwangwanin madara. Wanda aka saya da kuɗi a kanti, sai dai a ji labarinsa.

Na sha jin ku, musamman ke Asma'u, kuna cewa wai na bar aikin Jidda saboda abin wasan yara. Kuna faɗa kuna dariya, mahaifiyarku kuma ba ta taɓa gyara muku ba, don ita ma haka take faɗa. Akwai abin wasan a ciki, ban musa ba. Amma tun da yawancinku ba a haife ku ba a lokacin, bari in shimfiɗa muku yadda abin ya gudana.

Mahaifina, kakanku, maƙeri ne ɗan maƙeri. Yana yaro aka taso da shi daga ƙasar Sakkwato a ƙasa, da niyyar Makka. Da ayarin ya iso bakin kogin da ke kusa da ƙauyenmu guzuri ya ƙare, aka tsaya cirar auduga don a sami na gaba, sai tsayuwa ta zama zama. Ubansa ya kafa maƙera a gindin wata bishiya, shi kuma ya gaje ta. Duk wanda ke da hawasha a wannan yanki, wato gonar da hukumar noman rani ke yanka wa manomi, ya riƙe fartanya ko laujen da ya fito daga hannun Baba. Amma kafin shekarar da nake magana, kayan masana'anta sun cika kasuwar Suki, ga araha, kafaɗarsa ta dama kuma ta fara ciwo. Sai ya daina hura wuta. Bai yi wa kowa sanarwa ba. Ya rataye zuga-zugin a jikin rumfa, kaji suka mayar da murhun wurin yin ƙwai.

Ni ban gaji ƙira ba. Tun ina saurayi na bi lori zuwa Bur Sudan, daga nan na shiga aikin jirgin ruwa, na ga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba. Na je Kano sau biyu neman dangi, na zauna a Masar, daga baya na sami aikin tuƙa injin ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa ta Jidda. A can na ƙara Turanci a kan Larabcina, na tsinci Urdun ciniki a bakin abokan aiki. Mahaifiyarku na ajiye ta a Wad Madani, a gidan haya, tsakiyar maƙwabta Larabawa, ita da yayanku. Shi ne ɗanmu na fari, kuma sunan Baba ya ci, don haka babu mai kiran sunansa a cikinmu, Ƙarami muke ce masa. A wannan shekarar bai wuce bakwai ba. Larabci yake yi a titi, Larabci a makaranta, mahaifiyarsa ta yi masa Hausa ya amsa da Larabci, har ta gaji ta bi shi. Ni kuma da nake zuwa hutu jefi-jefi, abin bai dame ni ba. Har wani daɗi nake ji idan na ga harshensa ya fi nawa santsi.

A shekarar ne kamfani ya ba ni izinin kawo iyalina Jidda, da ɗaki biyu mai na'urar sanyi. Na zo in kwashe su. Kafin in taso na shiga kasuwa neman tsaraba, a nan na ga abin a shagon wani Ba'indiye. Karaka ce ta roba da ɗan ƙarfe, ruwan lemo, irin injin nan mai dogon hannu da ke yashe tur'a, magudanar da ke kai ruwa gonaki. Na ce wannan Ƙarami zai gane ta. Mai shagon ya ce in tsaya tukuna. Ya ɗauke ta ya ja nan, ya murɗa can, ya naɗe tayoyin sarƙar suka zama ƙafafu, ɗakin direba ya buɗe kai ya fito, sai ga mutum tsaye a kan teburinsa, mai faɗin ƙirji, yana kallona. Ni da nake wuni a cikin injin da ke ɗaga kwantena kamar yana ɗaga akwatin ashana, na tsaya baki buɗe. Na sa shi ya mayar da ita ya sake. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ba a cire komai ba, ba a ƙara komai ba. Duk abin da ke jikin injin yana jikin mutumin, wuri kawai ya canja. Sai makamai uku da ke cikin kwalin, kowanne a gurbinsa.

Muka je ƙauye yin sallama. Baba yana zaune a kan angarib, gadon nan na igiya, a ƙarƙashin rumfa. Da ya ga yaron sai fuskarsa ta buɗe, ya miƙa hannu.

"Takwara, yaka nan. Kai ne anka ce ka zo ƙwace min mata? Ga ta can tana tuƙa tuwo, in kana iya ci da ita ka ɗauka."

Wasan kaka da jika ne, kowane yaro a ƙauyen ya san amsarsa. Ƙarami ya dubi tsohon, ya juyo ya dube ni.

"Gal shinu?" in ji shi. Wato, me ya ce?

Na fassara masa. Kafin in gama wasan ya mutu a bakina. Baba ya janye hannunsa ya gyara hularsa. Ku sani, Baba ya iya Larabci. Da shi ya yi cinikin fartanya tsawon rayuwarsa, da shi yake faɗa da malaman gona. Amma tun daga wannan rana bai yi wa yaron Larabci ko kalma ɗaya ba. Shi ya yi Hausa, yaron ya juyo gare ni ya ce "Gal shinu?", ni in tsaya a tsakiya kamar tafintan kotu.

Inna, kakarku, ita ce ta fara karo da karakar. Tana tankaɗe a tsakar gida yaron yana tura motarsa kusa da ita. Ta juya ta ɗauko ƙwarya, ta juyo, sai ta ga mutum a inda mota take. Ta ajiye ƙwaryar a hankali.

"Garba," ta ce da ni, "wanga abu rikiɗa yakai."

Na ce Inna, roba ce.

"Na ga roba. Bokiti ma roba ne, ka taɓa ganin ya tashi tsaye? Can gida akwai mutanen da ka zama kura, kakata ta san ɗaya. Su ma da rana ba ka ganin komi gare su."

Daga nan magana ta koma kan fuska. Abu mai ido da baki, a gidan da ake salla. Inna ta ce a fitar da shi, Ƙarami ya rungume abinsa ya fara kuka ba tare da ya san me ake cewa ba. Baba ne ya yanke hukunci, bayan ya juya abin a hannunsa ya ga yadda kan ke shigewa ciki.

"In yana mota, mota ce, ba mai hana mota kwana cikin gida. In an yi kiran magariba shi koma mota. Da hantsi shi tashi abinshi."

Haka aka yi. Kullum da an fara kiran salla sai ka ji Inna daga madafa tana cewa a mayar da baƙon nan mota.

Washegari Baba ya ce in kawo masa kwalin. Ya sa na zauna, yaron yana gefe, ya ce in karanta masa abin da aka rubuta game da makaman. Na karanta Turancin ina juyawa. Na farko garkuwa ce, ita ce cokalin karakar, an ce tana shanye wutar da abokin gaba ya harbo ta mayar masa da ita. Baba ya gyaɗa kai, ya ce wannan ya san irinta, 'yan tauri ma ƙarfe ba ya cin su, sai dai su ba sa mayarwa. Na biyu igwa ce da ake ɗorawa a kafaɗa, an ce sanyi take harbawa, tana iya daskarar da kogi ya zama dutse.

"Kogi duka?"

Na ce haka aka rubuta.

"Manoma fa? Wanda ya shuka alkama fa?" Ya ɗauki 'yar igwar da yatsa biyu ya jefa a aljihun rigarsa. "Wanga makamin azzalumai ne. Shi zauna wurina."

Na uku gatari ne, na roba mai shuɗi da haske ke ratsawa, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. An rubuta cewa ba da ƙarfe aka yi shi ba, walƙiya aka kama aka ƙera, kuma sara ɗaya yake raba dutse biyu. Ƙarami ya fizge shi ya sa a hannun jarumin, ya ɗaga sama, ya yi ihun sunansa da Larabcin talabijin, irin wanda ya koya a gidan maƙwabta a Madani, inda kowane jarumi sai ya kira sunan makaminsa da ƙarfi kafin ya yi sara. Baba ya tambaye ni me yaron yake yi. Na ce haka suke yi a fim, sai an ambaci makami kafin a yi amfani da shi.

"Kirari ke nan," in ji shi. "Ashe mutanen sun san kirari."

Ya karɓi gatarin ya ɗaga shi saitin rana, shuɗin ya sauka a kan fuskarsa. Ya daɗe yana kallo. Ya tambaye ni wace ƙasa ce ta yi shi. Na ce can gabas ne, bayan Indiya, bayan Sin, jirginmu ya taɓa tsayawa a wata tasharsu. Ya ce su Musulmi ne? Na ce a'a. Ya ce sun taɓa zuwa ƙasar Hausa? Na ce ban zata ba.

"To wa ya gaya musu?"

Na ce ya gaya musu me? Ya mayar wa yaron gatarinsa.

Saura 'yan kwanaki mu tafi, Ƙarami ya bi yaran maƙwabta zuwa bakin tur'a, wai zai yashe ta da karakarsa. A can gatarin ya suɓuce ya faɗa ruwa. Ruwan tur'a kun san shi, ja ne kamar kunun kanwa, ga gudu. Yaran suka lalube taɓo har suka gaji. Ya shigo gida da gudu, jikinsa duk laka, ya wuce ni, ya wuce mahaifiyarsa, ya tsaya a gaban Baba. Har yau ban san abin da ya kai shi wurin tsohon ba. Wataƙila don ya ga yadda ya kalli gatarin ne.

"Al-fas! Al-fas waga fil moya!"

Fas shi ne gatari da Larabci. Baba ya sayar da fas ya fi a ƙirga. Amma ya karkata kai kamar mai ƙoƙarin ji.

"Mi anka fasa?"

"Al-fas, ya jiddi!"

"Tulu anka fasa? Ko tafiya anka fasa? Hajiya," ya ɗaga murya wajen Inna, "duba randarki, takwara ya ce an fasa."

Na buɗe baki zan fassara. Ya ɗaga mini hannu ba tare da ya dube ni ba.

"Garba, tsakanina da takwarana ba tafinta."

Yaron ya juyo gare ni da "Gal shinu" a bakinsa, na kawar da kai. Ya nuna hannun jarumin da babu komai, ya yi alamar sara, ya nuna wajen ruwa. Baba yana kallonsa kamar wanda bai taɓa ganin gatari ba. Daga ƙarshe yaron ya ruga madafa wurin mahaifiyarsa. Muna jin su, tana faɗa yana maimaitawa, yana shessheƙa. Ya dawo ya tsaya gaban Baba.

"Gatari," ya ce. "Ya faɗi. Ruwa."

"Af," in ji Baba. "Gatari. To ka ce haka mana. Gobe da safe ka zo maƙera."

Da sassafe ya kori kaji daga murhu. Ya sauko da zuga-zugin, fatar ta bushe, ya shafe ta da man shanu ya murza har ta yi laushi. Na zo zan kama masa zuga, ya ce in koma gefe, ni baƙo ne. Ya zaunar da yaron a tsakanin salkunan biyu, ya ɗora hannuwansa a kai. Kafin ya zuba gawayi, ya jawo tsohuwar jakar fatar da nake gani tun ina yaro ban taɓa ganin cikinta ba. Ya kwance wani tsumma, ya kwance wani a cikinsa. Sai ga dutse baƙi mai santsi, ya cika tafin hannu, gefe ɗaya da kauri, gefe ɗaya da kaifi kamar an wasa shi jiya. Ya ɗora shi a hannun yaron.

"Gatarin aradu," ya ce. "In aradu ta faɗi ta tsaga icce, shi ne ka saukowa. Ya nutse ƙasa, sai bayan shekaru shi fito. Kakana ya tsince shi gindin wata tsamiya da ta ƙone. Ubana ya ɗauko shi tun daga gida, ya yar da tukwane bisa hanya, ya yar da tabarmi, bai yar da wanga ba."

Na ga irin waɗannan duwatsu a gidan tarihi a Masar, a cikin gilashi, an rubuta cewa mutanen farko ne suka sassaƙa su. Na san wannan. Amma a safiyar nan, da na ga dutsen a hannun ɗana, na tuna shuɗin robar a fuskar Baba, sai tsigar jikina ta tashi. Wani mutum a can ƙarshen duniya, wanda bai san akwai mu ba, ya zauna ya yi tunanin makamin da ya fi kowane makami, bai sami abin da ya wuce gatarin da aka yi da walƙiya ba. Mu kuma mun goyo namu a cikin tsumma mun ratsa Afirka da shi. Na yi yawo, na ga gadoji da jiragen da suka fi ƙauyenmu tsawo, ban taɓa jin duniya ta matso kusa da ni kamar wannan lokacin ba.

Baba ya sa wani guntun ƙarfen sifirin na mota a wuta.

"Zuga," ya ce.

Yaron ya dube shi. Baba ya danna hannunsa na dama, ya danna na hagu. Iska ta shiga, gawayi ya yi ja.

"Zuga. Haka. Tsaya. Zuga."

A maƙera babu lokacin fassara. Idan ƙarfe ya yi ja, ko ka miƙo abin da aka ce ko ya huce. Baba ya ce awartaki, yaron ya miƙo guduma, ƙarfe ya huce, aka mayar wuta. Ya sake cewa awartaki, wannan karon ya miƙo daidai. Da masaɓa ta fara sauka a kan uwar maƙera, ƙarar ta ratsa ƙauyen. Mutanen da suka yi shekaru ba su ji ta ba suka fara leƙowa ta kan danga. Wani tsoho ya zo da tsohuwar fartanyarsa, da ya ga girman abin da ake ƙerawa ya zauna yana dariya. Baba bai kula kowa ba. Da ciwon kafaɗarsa da raunin idonsa, ya buga wannan ɗan ƙarfe ya fitar da siffar dutsen nan sak, kauri a baya, kaifi a gaba, ya ja masa ƙota siririya, yana gwadawa a hannun jarumin, yana gogewa da magagari, har ya shiga ya zauna daram. Ya tsoma shi a ruwa ya yi cuu. Sa'an nan ya dakushe kaifin a kan dutse don kada ya yanki yaron.

"Yi mishi kirari," ya ce.

Ƙarami ya fara da Larabci. Baba ya girgiza kai.

"Wanga ba ya jin Larabci, nan anka haife shi. Ce: Gatarin aradu, na sama mai tsaga icce."

Yaron ya faɗa, harshensa yana tuntuɓe a kan tsaga. Mutanen kan danga suka amsa masa kamar a filin dambe. Ya sake faɗa da ƙarfi, ya ɗaga jarumin sama.

Kwanakin da suka rage, da hantsi suna maƙera. Suka yi mashi da ƙusa, suka fara takobi. Ana gobe za mu tafi, da la'asar, an ɗaure kaya an jera a zaure, yaron ya zo wurin Baba da murfin gwangwani a hannu. Ya haɗa Hausarsa da ƙyar.

"Kaka, gobe garkuwa?"

Baba ya karɓi murfin ya juya shi.

"Gobe kana bisa hanya, takwara. In ka girma ka dawo, in ka iske ni, mu yi."

Na jira ya juyo ya ce mini "Gal shinu?" Bai juyo ba. Ya tsaya yana kallon tsohon, idonsa ya cika da ruwa. Ya ji. Cikakkiyar maganar farko da ya fahimta daga bakin kakansa ba tare da ni ba, ita ce wannan.

Na san Hausawan Jidda da Makka, na ci abinci a gidajensu. Na ga samari masu ɗauke da sunan Hausawi a katin shaida, waɗanda ko sannu ba su iya amsawa ba. Ban taɓa ganin laifinsu ba, kuma har yau ban gani ba. Amma na san abin da zai faru da 'yan kalmomin nan da yaron ya tsinta a bakin wuta idan na sa shi a jirgi, na kuma san shekarun Baba. Shi bai roƙe ni in zauna ba. Da na gaya masa ma, cewa ya yi in yi tunani, mai iyali ba ya wasa da aiki.

Na sami mahaifiyarku tana ɗaure jakar ƙarshe. Na ce mata na fasa.

"Ka fasa me?"

Na ce tafiyar. Gaba ɗaya. Zan koma in karɓi sallama in dawo, mu zauna nan.

Ta zauna a kan jakar.

"Na sayar da gadona," ta ce. "Na raba tukwanena ga maƙwabta. Na gaya wa kowa a Madani bana zan ga Ka'aba. Yanzu in koma ɗaukar ruwa daga tur'a saboda gatarin da bai kai yatsa ba?"

Na ce ba saboda gatarin ba ne.

"Na sani," in ji ta. "Ni na koya masa kalmar. Da na san inda za ta kai ni, da na ce masa ban san sunansa ba."

Kada ku ɗauka ta huce da wuri. Ta yi kusan shekara tana yi mini magana da Larabci zalla, don ta san a nan zai fi yi mini zafi. Kuma gaskiya tana da hujja. Abin da na tara ya tafi a kan tsohuwar hafila, wato bas, na yi shekaru ina jigilar fasinja tsakanin Suki da Rusairis, a hanyar da damina ke mayar da ita kogi. Abokan aikina da suka zauna a Jidda sun gina benaye a Madani. Ku kuka tashi kuna karatu da fitilar ƙwai, kuna cirar auduga a lokacin hutu. Hajjin da na yi mata alkawari ba ta same shi ba sai da gashinta ya yi fari, kuma Ƙarami ne ya biya, ba ni ba. Idan a cikinku akwai wanda yake ganin na tauye shi, ba zan ce masa ya yi kuskure ba.

Baba ya ƙara shekaru kaɗan a duniya. A cikinsu shi da takwaransa sun ƙera wa jarumin garkuwa, da sulke na waya, da kwari da baka, da barandami, kowanne da kirarinsa, har robar hannun ta gaji ta tsage. A bakin wannan wuta yaron ya ji sunayen garuruwan da ayarin ya ratsa, da sunayen waɗanda aka binne a hanya, abubuwan da ni ɗansa ban taɓa zama na tambaya ba. Yawancin abin da na faɗa muku a farkon labarin nan game da asalinmu, daga bakin yayanku na ji shi. Ranar da Baba ya rasu, da aka zo wanke rigarsa, aka sami 'yar igwar sanyin nan a aljihu. Ashe duk rigar da ya canja sai ya mayar da ita ciki.

Karakar ta daɗe da karyewa. Dutsen da ɗan gatarin ƙarfen suna wurin Ƙarami, a ƙasar da aiki ya kai shi, a cikin tsumma ɗaya. Kwanan baya ya kira ni a waya ya ba ni ƙaramin ɗansa, wanda bai taɓa ganin tur'a ba. Na ce masa, kai ne aka ce za ka zo ka ƙwace mini mata? Ya ce ai ta tsufa, in riƙe abata, shi sabuwa zai nema. Mahaifiyarku tana gefe tana ji, ta ce a gaya wa ɗan banzan ita ma ba ta son mai majina.

Tun daga shekarar da aka ƙera gatarin nan, ba a sake neman tafinta tsakanin kaka da jika a gidanmu ba.